Allon Bakin Gada

Kafin masu shaguna su gama shara, Baba Mai Fenti ya riga ya jingina allunansa a bango, ya buɗe gwangwanayensa, yana gwada gashin buroshi a tafin hannu. Haka muka taso muka gan shi.

Rubutunsa ba ya ɓuya. Haruffa ne masu kauri, tsaye kyam, ba jela ba lanƙwasa. Harafi mai zagaye da murfin tukunya yake zana shi, miƙaƙƙe kuwa da katako. Wani mai aski ya taɓa roƙonsa ya ɗan yi wa nasa ado, sai Baba ya ce, "Ɗana, allo ba amarya ba ne. Harafi mai kauri kamar mai babbar murya yake, kalma biyu sun ishe shi."

Alƙaliyar aikinsa matarsa ce, Iya, wadda idonta ya yi rauni. In ya gama, sai ta cire tabarau ta tsallaka titi. In ta karanta, aiki ya yi. In ta ce, "Malam, tururuwa nake gani," sai ya shafe ya sake, yana gunaguni.

Bana hannunsa ya soma rawa. Aikinsa na ƙarshe allon gargaɗi ne na wata gada da ruwa ke cin gindinta. Iya ta mayar da shi ya ƙara kauri, amma hankalinsa bai kwanta ba, don rayukan mutane ne a kai, shi kuma gani yake layin ya karkace.

Ranar da aka yi ruwan nan kamar da bakin ƙwarya, sai ga wani direban bas a ƙofar shago, jiƙe sharkaf.

"Wa ya rubuta allon bakin gada?"

Baba ya ce, "Ni ne. Me ya faru?"

Direban ya durƙusa ya kama hannun nan mai rawa. "Baba, motata cike take, har da mai goyo. Ban ga titi ba, ban ga gada ba, TSAYA ɗin nan kaɗai na gani. Da na sauko, wallahi rabin gadar ta tafi."

Baba ya zauna a kan gwangwani, ya sauke numfashi, ya yi hamdala.

Kai ne, Baba, mai magana daga nesa, wanda bai taɓa sa sunansa a gindin allo ba. Mun gode, Allah ya ba ka hutu mai daɗi. Masu tasowa, da buroshi kuke aiki ko da kwamfuta, ku riƙa tuna mai raunin ido da ke tsallaken titi.

Iya dai har yau cewa take, "Da ya bi son ransa, ai da tururuwa direban zai gani."