Ta'aziyya a Gidan Taubashin Baba

Ana sallame sallar asuba ranar Asabar muka tayar da mota daga unguwarmu ta Cheetham Hill a Manchester, gari bai ko fara haske ba. Ni ce direba, don Baba ya ajiye tuƙi tun da idonsa ya fara yi masa gardama. Yana gaba kusa da ni, a baya kuma maƙwabcinmu ne, wani dattijo Kirista mutumin kudancin Kaduna da duk layinmu ke kira Akanta saboda aikin da ya yi har ya yi ritaya. Ciwon gwiwa ya hana Mama zuwa, amma ta turo wakilanta: kula ɗaya ta dambu, ɗaya ta masa, filas ɗin kunun gyaɗa, da dogon gargaɗi cewa kada in yi gudu. Birmingham muka nufa, ta'aziyya.

Wanda za mu yi wa ta'aziyyar shi ne Kawu, taubashin Baba, likita a Birmingham. Mahaifiyarsa da mahaifin Baba ciki ɗaya suka fito. Ƙanin Kawu, wanda ya zauna a ƙauye yana riƙe da gonakin gida, 'yan bindiga suka harbe shi yana yankan dawa. An binne shi a can ranar da abin ya faru, a nan kuma aka sa addu'a ranar Asabar don masu aiki su samu zuwa.

Wanda bai tashi cikin wasan taubasai ba, in ya ji Baba da Kawu suna waya sai ya zaci abokan gaba ne. Tun ina yarinya ban taɓa jin Baba ya kira shi da sunansa ba, balle ya ce masa Dakta. "Bawana" yake ce masa, shi kuma ya rama da "yaron gidana". Baba ya ce masa mai yi wa shanu allura, Kawu ya ce masa lauyan da bai taɓa cin shari'a ba, su yi ta dariya har tari ya sarƙe Baba. A duk faɗin Ingila babu wanda ya san Baba tun yana yawo ba wando sai Kawu. To yau sama da shekara ke nan ba su yi magana ba, kuma abin da ya kai mu Birmingham, bayan ta'aziyyar, shi ne ko Baba zai samu taubashinsa ya dawo masa.

Abin da ya raba su ya faru ne a taron ƙungiyar 'yan garinmu mazauna Birtaniya, wadda Baba ke shugabanta. Kawu ya kawo shawarar a haɗa hannu a saya wa 'yan sa-kai na ƙauye bindigogi. Hujjarsa ita ce kundin tsarin mulki ya ɗora tsaron rayukan jama'a a wuyan gwamnati, idan ta kasa, haƙƙin kare kai ya koma hannun masu ran. Baba ya ce kundin ya ba kowa 'yancin rayuwa, amma babu inda ya ba kowa 'yancin riƙe bindiga, wannan a kundin Amurka yake, kuma su ma masu shi har yau ba su gama rigima a kansa ba. Ya ƙara da cewa aika kuɗin makami daga nan laifi ne da zai iya jefa 'yan ƙungiya a kurkuku. Da a nan ya tsaya da sauƙi. Amma da Kawu ya matsa, sai Baba ya rufe gardamar da wasa a gaban jama'a, ya ce bawa dai bawa ne ko an ba shi digiri. Aka yi dariya, aka kaɗa ƙuri'a, ra'ayin Baba ya yi rinjaye, aka haƙa rijiyar burtsatse da gudummawar. Daga ranar Kawu bai sake ɗaga wayar Baba ba.

Hanyar M6 tana nan yadda kuka san ta. Yayyafi mai naci, manyan motoci suna watso maka ruwa a gilashi, ga jerin robobin gyaran hanya da ba ka taɓa ganin mai gyaran ba. Kyamarori kuwa sun fi Mama iya hana gudu. Ba mu kai Stoke ba dattawan nan suka ɓarke da gardamar cire tallafin mai. Akanta ya ce dole ne a cire, ƙasa ba za ta yi ta cin bashi tana zuba wa masu motoci ba. Baba ya ce talakan da ba shi da ko keke shi ya fi kowa biyan kuɗin cirewar, don kwanon masara ma mota yake hawa kafin ya iso kasuwa. Na tuna musu cewa su biyun rabonsu da sayen litar mai a Najeriya tun ina firamare, suka haɗu suka ce in kula da hanya. Na ƙyale su, don na gane Baba yana surutun ne kawai kada ya yi shiru da abin da ke cinsa.

Mun tsaya a wurin hutun matafiya kusa da Stafford. Kofin shayi ya kusa fam huɗu, ruwan zafi da ɗan ganye. Akanta ya tsaya gaban allon farashi yana juya shi zuwa naira, ya girgiza kai, ya juyo. Muka koma mota muka sha kunun Mama, gilasai suka yi gumi. A nan ne Baba, yana kallon kofinsa, ya tambaye ni, "Kina ganin zai karɓe ni?" Ban taɓa jin ya nemi ra'ayina a kan wani abu mai nauyi ba.

Akanta ne ya amsa. Ya ce, "Barista, mu a ƙauyenmu an saya. Samari suka samu bindiga, suka harbe wani makiyayi da bai san hawa ba bai san sauka ba, aka dawo aka ƙone mana rabin gari. Mun saya an kashe mu, ba ku saya ba an kashe ku. Ni wannan lissafin ya fi ƙarfina. Amma don Allah yau kada ka buɗe masa kundi."

Baba ya ce, "Wane kundi? Ai na san maganinsa. Tsokana ɗaya zan yi masa, ya zage ni, shi ke nan an wuce wurin."

Ni dai na tayar da mota.

Shiga Birmingham sai mai haƙuri. Akwai wata mahaɗar hanyoyi da mutanen garin ke kira da sunan taliya, kuma duk wanda ya raɗa mata sunan ya yi adalci, don gadoji ne a cukurkuɗe, wata kan wata. Na kuskure mafita, muka yi zagaye kafin na samu kaina. Muka bi ta Stratford Road, shagunan Pakistanawa da Somaliyawa suna buɗewa, ga mahauta, ga masu atamfa da kayan amare, ga doya a jere a bakin shago ana auna ta a sikeli kamar magani. Akanta ya leƙa zai tambayi farashi, ya tuna inda za mu, ya fasa. Gidan Kawu yana Hall Green, kuma tun daga farkon layin motocin 'yan ta'aziyya sun cinye wurin ajiye mota, sai a layi na gaba na samu gurbi.

Zaman makoki a ƙasar nan abin tausayi ne. A gida da an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, duk mai wucewa ya durƙusa ya yi addu'a. A nan an ture kujeru jikin bango, maza sun cika falon gaba, mata suna kicin da ɗakin baya, takalma sun yi tsibi a ɗan siririn lungun shiga. Kowa yana rage murya saboda maƙwabta. Babu gawa, babu kabari, sai hoton mamacin da ake ta miƙa wa juna a waya. An zo daga Coventry da Leicester, har da 'yan cocin su Akanta da suka san Kawu a asibiti. Da yake ni 'yar gida ce, matar Kawu ta rungume ni muka yi kuka, sannan ta sa ni cikin masu kai abinci falo. Shi ya sa duk abin da zan faɗa muku da idona na gan shi.

Da Baba ya yi sallama, Kawu ya miƙe tsaye. Ya rame, gemunsa ya yi fari fat. Ya ba Baba hannu biyu, ya ɗan rusuna, ya ce, "Barista, ranka ya daɗe. Sannu da hanya. An sha nisa." Ya tashi wani daga kujera mafi kyau a falon ya zaunar da shi. Baba ya yi masa ya haƙuri, ya amsa da godiya, shi ma ya mayar masa da gaisuwar, tunda mamacin ɗan'uwan Baba ne. Babu abin da ya rage na ladabi. Baƙi suna ta sha'awar yadda ake girmama babba, ni kuwa na san ba lafiya ba, don ban taɓa jin "ranka ya daɗe" ta shiga tsakanin mutanen nan biyu ba.

Bayan addu'a wani ya fara cewa ai da an bar mutane sun riƙe makami da ba a kai ga haka ba. Idanu suka koma kan Baba. Na ga ya gyara zama, bakinsa ya motsa, Akanta ya dafa masa gwiwa. Kawu ne ya kashe maganar. Ya ce, "Kwana ne ya ƙare. Barista ya faɗi abin da doka ta ce, kuma shi ya san doka." Da zagi ya yi da ya fi sauƙi a kunne. Da na shigo da farantin dambu aka zagaye shi ana sa hannu, sai Kawu ya ce min, "'Yata, a kawo wa Barista nasa daban, da cokali." Mutum biyun da tun suna yara suke wawar tuwo a akushi ɗaya. Na kai wa Baba, ya ɗora farantin a cinyarsa, bai ci ko loma uku ba.

Bayan azahar muka yi haramar tafiya. Kawu ya rako mu har lungun takalma, mutane tsaye a bayansa. Baba ya dubi tsibin takalman, ya dubi Kawu, ya tattaro ɗan murmushin da ya rage masa, ya ce, "To bawana, tsayawa za ka yi kana kallona? Nemo wa ubangidanka takalminsa."

A ƙa'idar wasan, amsar da ta dace ita ce Kawu ya ce yaushe yaron gida ya samu bakin aiken manya, ko ya ce ai ba takalmi ya gan shi ya zo daga ƙauye. Ko da harara ce ta isa. Muka tsaya muna jira. Sai Kawu ya durƙusa, da girmansa da furfurarsa, ya tona tsibin nan har ya gano takalman Baba. Ya goge ruwan da ke jikinsu da hannun rigarsa, ya jera su a gaban ƙafafun Baba, ya miƙe ya ce, "Ga su, ranka ya daɗe. Allah ya kiyaye hanya."

Baba ya daɗe yana kallon takalman. Sai da na riƙe shi sannan ya zura ƙafa. Wani baƙo a bayana yana cewa ka ga tarbiyyar mutanen da. Matar Kawu kuwa, da ta san abin da aka yi, ta juya ta shige kicin.

Ba zan iya ba ku labarin hanyar dawowa sosai ba, don ban lura da komai ba. Na san ruwa ya tsananta bayan Stafford, na san ba mu tsaya ko'ina ba. Babu wanda ya tayar da zancen tallafi. Akanta ya gwada magana sau ɗaya, ya ce zafin rashi ne, a ba shi lokaci. Baba ya ce, "Da zafi ne ai da ya zage ni." Daga nan ya juya fuskarsa wajen taga har muka shigo Manchester, fitilun titi sun kama.

Mama tana falo ta miƙe ƙafa a kan kujera. Ta tambayi hanya, ta tambayi matar Kawu, sannan ta dubi Baba ta ce, "Ya kuka yi da mutumin naka?"

Baba ya ce, "Na aike shi ya ɗauko min takalmi."

"Me ya ce maka?"

"Ya ɗauko."

Mama ta yi salati a hankali, ta ja mayafi ta rufe fuskarta.

Abin da tafiyar nan ta koya min ba shi da daɗin faɗa. Har yanzu ban san wa ke da gaskiya a kan bindigogin ba, kuma ina jin Baba ma, duk da karatunsa, ya daina tabbata. Mu da muke nan muna gardamar kundi da tallafi a ɗaki mai ɗumi, waɗanda ke gona su ke biya, wannan kowa ya sani. Abin da ban sani ba sai a Birmingham shi ne, ranar da Kawu ya kawo shawararsa ba ra'ayi ya kawo ba, tsoro ya kawo, yana da ƙani a bakin daji. Ana iya ƙin shawarar mutum a zauna lafiya, amma a saurari tsoronsa tukuna, kada a mayar da shi abin dariya. Na yi baƙin cikin mamacin, Allah ya jiƙansa. Na kuma yi baƙin cikin Baba, wanda yanzu duk inda ya shiga a ƙasar nan girmama shi ake yi, babu sauran mutum ɗaya da zai zage shi.