Fuskar Tizhe a Hoton Kwango

Duk wanda ya ci burodi a Mubi daga shekarar 1964 zuwa bayan yaƙin basasa ya san Zira Kwango, ko da bai san sunan ubansa ba. Gidan burodinsa yana bayan tasha, tanda ce ta laka da ya gina da hannunsa. Burodin nasa dogo ne siriri mai ɓawo, wanda mutanen gari suka fara yi wa dariya suna cewa sanda ce, daga baya kuma suka koma rububinsa. Mutumin Michika ne, daga wani ƙauye a kan dutse, gajere mai faɗin kafaɗa. Ba ya son dogon ciniki, kuma kada Allah ya sa ka danna masa burodi da yatsa kafin ka saya. Yana zuwa coci duk Lahadi, amma ba wanda ya taɓa jin muryarsa a waƙa.

A wurin ƙabilarsu ta Kamwe, suna yana bin layin haihuwa. Ɗan fari namiji Tizhe ne, na biyu Zira. Saboda haka da zarar ya faɗi sunansa, mutumin dutse zai tambaye shi wa yake bi, kuma yana ina. Wannan tambaya ce ta sa bai cika shiga taron 'yan garinsu ba.

Tare da wansa Tizhe suka shiga soja, shi kuku, Tizhe direba. Tare kuma aka ɗebe su zuwa Kwango cikin sojojin kiyaye zaman lafiya. Ranar da mutanen Mubi suka yi layi suna jefa ƙuri'a kan a bi Nijeriya ko a bi Kamaru, su suna wani gari da ake kira Lulwabur, suna fama da ruwan sama da ba ya gajiya. A shekararsu ta biyu a can, motar da Tizhe yake tuƙawa ta sulale daga kan jirgin fito ta nutse a tsakiyar kogi. Zira yana bakin gaɓa da tukwanensa, yana kallo. Kwana uku ana nema, ba a ga mota ba balle mutum. Aka miƙa masa bargon Tizhe da kofinsa da shuɗiyar hularsa, aka ce ya yi haƙuri.

Da ya bar soja ya dawo gida, abin da ya fi daraja a kayansa shi ne gwangwanin biskit mai hotuna goma sha ɗaya. Akwai na jirgin da ya kai su, da na kasuwa inda mata suke sayar da ganyen rogo, da nasa shi kaɗai da biri a kafaɗa, da na wani sojan Indiya mai rawani da suka yi abota ba tare da ɗayansu yana jin yaren ɗaya ba. In hira ta yi daɗi a bakin tanda yakan fito da su, ya hana kowa taɓawa sai ya goge hannu. A duk cikinsu guda ɗaya ne kawai yake da Tizhe, domin shi kullum yana kan hanya. A shagon mai hoto aka ɗauke su, gaban wani labule da aka zana wa matakalar bene, Tizhe a tsaye ya ɗora hannu a kafaɗar ƙanensa.

Wannan hoton bai zauna a gwangwani ba. Tunda babu gawa, babu kabarin da za a nuna wa mahaifiyarsu, sai Zira ya haura dutse ya sa mata hoton a hannu. Ta naɗe shi a ƙyalle ta ajiye cikin ƙwaryar da take rataye a ɗakinta. Yakan je mata duk Kirsimeti, amma shekara takwas bai ce a fito masa da shi ba. Zuciyarsa ba za ta iya ba.

A cikin waɗannan shekarun ne ya lura wani abu yana zame masa. Muryar Tizhe tana nan daram a kunnensa. Yana tuna fitonsa, da yadda yake jan ƙafar hagu in ya gaji, da ƙaurin man mota a hannunsa. Wani lokaci da rana tsaka yana cuɗa fulawa zai ji kamar an tsaya a bayansa, har ya waiwaya. Amma in ya nemi fuskar, sai ta zo masa kamar fuskar da aka leƙa a randa bayan an ɗebi ruwa. Abin ya ba shi tsoro. Ya riƙa lallashin kansa da cewa ai hoto yana nan, duk ranar da ya so zai je ya duba.

Ya je a kakar 1971. Tsohuwa ta sauke ƙwarya, ta warware ƙyallen da ya yi baƙi da maiƙo. Ga Zira nan sarai, ga labule, ga kakin Tizhe da hannunsa a kafaɗa. A wurin fuska kuwa sai wani tabo mai ruwan ƙasa daidai girman babban yatsa. Abin da ya rage kunne ɗaya ne, da layin haɓa, da gefen baki inda murmushi ya fara.

"Mama, me ya same shi?" ya tambaya da yarensu.

Ta ce kowace safiya in ta shafa man maɗaci, ragowar da ke yatsanta takan ɗora masa a goshi, kamar yadda take yi musu suna yara kafin su fita kiwo. "Wa zai shafa masa a can?" in ji ta. "Na ga yana tafiya kaɗan-kaɗan. Na kasa dainawa."

Zira bai yi mata faɗa ba. Ina ma bakin faɗa? Ya karɓi hoton ya ce zai kai a gyara.

A lokacin, in ana maganar gyaran hoto a Mubi, Malam Rufa'i ake nufi. Iyayensa daga ƙasar Kano suka zo, shagonsa yana bakin kasuwa, kuma mutum ne mai ji da kansa, ba kuwa a banza ba. Hoton da gara ta ci, ko wanda ruwa ya jiƙa, ko na mamacin da ya koɗe, duk wurinsa ake kawowa. Yakan cike gurbin da fensir, ya sake ɗauka da kyamara, ya wanke sabo. In fuska ta ɓace gaba ɗaya, sai ya ce a kawo masa wani na jini ya zauna a gabansa.

"Malam, fuskan ya tafi," in ji Zira. "Kunne ne ya rage, da baki kaɗan. Kar ka taɓa wannan."

Rufa'i ya ɗaga hoton a haske, ya dubi Zira ta saman tabarau. "Uwa ɗaya, uba ɗaya?"

"Uwa ɗaya, uba ɗaya."

"To ai magana ta ƙare, Soja. Zauna nan, kalli gabas."

Zira ya zauna a kan benci wajen awa guda. Allon aikin yana jingine yana fuskantar mai shi, don haka bai ga abin da ake yi ba. Shi a zatonsa za a bi kunnen nan da haɓar nan ne a haɗa su. Bai san cewa fensir ba ya kama takarda mai maiƙo ba, kuma abin da Rufa'i yake fara yi kullum shi ne ya kankare wurin da reza har sai ya yi fari tas. Ya ji ƙaran ƙyas-ƙyas ɗin, ya ɗauka fensir ake feƙewa. Ya ce hancin Tizhe ya fi nasa tsawo. Rufa'i ya ce ya sani. Ya ce idonsa kuma, sai ya tsaya, don ya rasa abin da zai ce game da idon. Rufa'i ya ce ya daina motsi.

Bayan mako guda ya dawo. Aka miƙo masa hoto babba, a bayan gilashi, aiki mai kyau ƙwarai, ba za ka ce hannu ya taɓa shi ba. Sojoji biyu ne a gaban labule. Na zaune Zira ne yana saurayi. Na tsaye ma Zira ne, Zira na yanzu mai shekara talatin da wani abu, da tsagar goshin da zafin tanda ya yi masa, ya ɗora hannu a kafaɗar kansa.

Ya ce a ba shi tsohon. Aka ba shi. Shi ma haka yake, babu kunne, babu gefen baki.

"Wannan ni ne," in ji Zira.

"To da wa kake so ya yi kama?" Rufa'i ya ji haushi. "Kowa haka nake yi masa, kuma godiya suke yi. Jiya-jiyan nan wata ta yi kukan murna a nan."

Gaskiya ya faɗa. Mutane da yawa a garin nan sun rataye fuskar ɗa a wuyan uba sun kwana lafiya. Zira ne bai dace ba, domin tun daga ranar, duk sanda ya kira Tizhe a ransa, kakin zai zo, fiton zai zo, sannan tasa fuskar ta zo ta zauna a kai, tana kallonsa daga cikin ruwa. Ya daina aske gemu a gaban madubi, ya koma wurin wanzami. Gwangwanin biskit ma ya daina fitowa. Masu sayen burodi suka ce Zira Kwango ya ƙara zafin rai, suka ɗora laifin a kan tsadar fulawa.

Wata biyu hoton yana kife a ƙarƙashin gado. Matarsa Miriyamu ce ta ce tsohuwa tana jira, ba a yi wa mai shekaru haka. Shi kuma ya yi wani tunani da ya ba shi ƙarfin gwiwa. Uwa ba ta mantawa. Za ta duba ta ce nan an yi kuskure, nan ba haka yake ba, shi kuma ya riƙe kowace kalma. Ya hau motar 'yan kasuwa zuwa Michika, ya haura dutse da ƙafa, gilashin a hammata.

Ya same ta tana tsintar wake a ƙofar ɗaki. Ta goge hannu a zane, ta karɓa, ta juya shi wajen rana. Ta daɗe tana dubawa.

"Wannan ba Tizhe ba ne."

"Na sani, Mama. Shi ya sa na zo." Ya durƙusa a gabanta. "Faɗa mini yadda yake. Fara daga ido."

Ta buɗe baki. Ta ɗaga hannu ta fara zana wani abu a iska, hannun ya tsaya a hanya. Ta dubi hoton, ta dubi ɗanta, ta sake duban hoton. Ta sauke hannun.

"Na ɗauka fuskar tana wurinka," in ji ta. "Kai ka gan shi ƙarshe."