Ƙofar da Ba a Jefa wa Ɗan Ludo

A shekarun da kuɗin mai ya fara zuba, kowa a Kano ya samu abin yi da Lahadinsa, wani silima, wani yawon nuna sabon babur. Ni kuwa, malamin firamare a Fagge, aikina tsorata manyan mutane uku da rana tsaka.

Ni na ƙirƙiro wasan, kuma har gobe ina taƙama da shi. Nakan zana tsohon birni a bayan kalanda, kowannensu ya zama bafatake na zamanin da Turawa ba su zo ba, ni in riƙa jan labari. In mutum ya ce zai haura katanga ko ya leƙa rijiya, sai ya jefa ɗan ludo. Shida ya tsira, ɗaya kuwa sai dai Allah ya jiƙan rai.

A Sabon Gari muke zama, a shagon abokina mai gyaran rediyo, bayan ya dawo daga coci. Ibo ne haifaffen unguwar, Hausarsa ta fi ta wasunmu. Ya bar gari lokacin tashin hankalin da ya kai ga yaƙi, ya dawo bayan an gama. Bai taɓa ba mu labarin ba, mu ma ba mu tambaya ba. Sauran biyun su ne wani Alhaji Bayarabe mai atamfa, matsoraci na ajin farko, da ƙanina direban tirela.

Wata Lahadi na zo da labarin da na yi kwana uku ina shiryawa. An rufe ƙofofin ganuwa, wani abu mai kofaton jaki yana bin gida-gida yana shinshinar baƙi. Na cusa fataken nawa uku cikin rumbu, na shiga ƙwanƙwasa tebur a hankali. Alhaji har ya ɗage ƙafafunsa daga ƙasa, ni kuma daɗi kamar ya kashe ni. Na miƙa wa abokina ɗan ludo, sai ya ajiye shi.

"Malam, yau a tashi haka," in ji shi.

Sai da na kai titin da yanzu ake kira Ibrahim Taiwo a kan keke na gane abin da na aikata: na tuna masa da lokacin tashin hankalin. Na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba. Mako guda ina tunanin na rasa shi, kuma da hannuna.

Lahadi ta zagayo, na je ina jan ƙafa, ba kalanda. Na tarar ya share tebur, ya jera kujeru huɗu.

"Labarinka akwai gyara," ya ce. "Wanda ya ɓuya ba ƙwanƙwasar waje yake tsoro ba. Tarinsa yake tsoro. Kuma ka manta da mai gidan."

Na ce wane mai gida?

"Rumbu ai da mai shi. Ni wadda ta ɓoye ni wata tsohuwa ce mai ƙosai, a nan Fagge ɗinku. Kwana biyu ina bayan buhunan wakenta, duk wanda ya leƙo ta ce masa ita kaɗai ce. Na dawo na tarar ta rasu, ko na gode ban ce mata ba. Ka sa ta a ciki."

Na sa ta. Da suka iso ƙofarta a labarin, hannuna ya kai ga ɗan ludo bisa sabo, sai ya dafe shi.

"Wannan ba a jefa mata. Buɗewa take yi."

Mun yi shekaru muna wasan. Na kashe Alhaji ya fi a ƙirga, ƙanina ya faɗa kowace rijiya a birni. Ina gode wa Allah da ya haɗa ni da mutumin da na taka wa ciwo, ya mayar mini da kujera. A duk garin da na zana bayan nan akwai ƙofa guda mai ƙamshin ƙosai, kuma kullum abokin nawa muke bari ya fara yin sallama.