Faifan Inna Uwaliya

Duk wanda yat taɓa zama kallon fim a gidan Ja'afar na Wurno ya san ba a tashi sai an sha haushi. Ba wuta ke ɗaukewa ba, sola gare su. Uwar maigidan ce, Inna Uwaliya, 'yar gajerar tsohuwa mai faɗan tsiya, wadda ke kafa kujerarta 'yar tsugunno dab da talabijin, da faifai bisa cinya. Ana cikin kallo, labari ya ɗauko daɗi, saurayi ya dubi budurwa, kiɗa ya yi laushi, sai ka ga faifai kaf a fuskar allo.

Yara su ɗau kuka: "Haba Inna! Don Allah!"

"Don Allah mi? Sun tahi gaida gwaggonsu. In sun dawo ku gani."

Kullum amsar ke nan. Ko rawa ce cikin ruwan sama, ko wasu ne sunka shige ɗaki sunka turo ƙofa, gwaggo dai anka tafi gaidawa. Har ƙananan gidan sunka tashi da yaƙinin cewa duk duniya babu masu zumunci irin mutanen Indiya. Kuma ba rufewa kawai take ba. Tana rufewa tana ɗaga murya, ta kawo labarin akuyarta da ta taɓa cinye ma wani malami rawani, ko ta ja waƙar daka, har sai kunnenta ya gaya mata abin ya wuce. Sannan ta sauke faifan, ta harari kowa, kamar su sunka shirya fim ɗin.

A Lahodu anka haifi Uwaliya, anka kai ta aure wani ƙauye bayan Shinaka, ƙasar Goronyo. Shekara arba'in da wani abu tana can. Gero da wake da damina, albasa da rani, awaki cike da garke, furarta kuma har daga ƙauyen gaba ake aiko da ƙwarya. Mace ce da ba ta san zama ba. Da mijinta yar rasu, taz zauna hannun ɗanta na fari, Mainasara. To, kowa ya san yadda uwa take da ɗan fari a ƙasar nan. Ba ta faɗin sunanshi, ba ta yabonshi, ba ta yi mashi dariya gaban mutane. Uwaliya kuwa ta kai abin maƙura. In za ta yi zancenshi sai ta ce "wancan". In ya gaishe ta, ta amsa tana duban bango.

Damina uku da sunka wuce, da hantsi, 'yan bindiga sunka shigo ƙauyen bisa babura. Mainasara bai tsira ba. Matarshi ta gama takaba, iyayenta sunka ɗauke ta. Uwaliya tad dawo Wurno gidan ɗanta na biyu, Ja'afar, da ƙullin tsummoki, da faifai guda, da Mashkura, 'yar marigayin, tana shekara huɗu. Wurin zaman makoki babu wanda yag ga hawayenta. Mata sunka yi ta cewa, kai, Uwaliya akwai kawaici.

A Wurno kuwa abin da yak kusa kashe ta hutu ne. Ruƙayyatu, matar Ja'afar, yarinyar kirki ce, kuma kirkin nata ne yaz zame ma tsohuwa azaba. Ta ɗau tsintsiya, a ce Inna kawo. Ta nufi turmi, a ce ai an kai inji. Ta ce za ta hura wuta, a nuna mata tukunyar gas. Inna ki huta, Inna ki huta, safe da yamma. Matar da ta ciyar da gida guda da hannunta, yanzu ko albasa ba a bari ta yanka! Takan zauna bakin ɗaki tana huci, tana cewa in dai hutun ne ai kabari na nan yana jira, mi ne na gaggawa.

Tana cikin wanga hali ne wata la'asar tal leƙa falo tat tarar da jikokinta sun buɗe baki gaban talabijin, wata mata na ta karairaya cikin tufar da ba ta isa rufe tulu ba. Uwarsu na madafa, ubansu na Rabah wurin aiki a sakatariya. Tay yi salati, tas suri faifai. Ranar nan tas samu aiki, kuma shi kaɗai ne aikin da babu wanda yac ce mata kawo. In anka karɓe faifan nan, Uwaliya ta san babu abin da yar rage mata a gidan sai ci da barci.

Sai dai abu biyu sunka taso mata. Na farko ido. Yanar ido ta fara rufe mata gani, mutanen cikin allo sunka koma inuwa, da kunne take aiki ba ta gaya ma kowa ba. Ranar wata Asabar wani fim mara kunya yaz zo da sumba ba tare da kiɗa ba, shiru kawai, ga Ja'afar zaune, ga matarshi, ga yara. Inna na zaune da faifanta a cinya tana gyangyaɗa kai, wai tana kallo. Ruƙayyatu tat tashi wai za ta duba tukunya. Ja'afar yay yi ta tarin ƙarya.

Na biyu kuwa babur. Da zarar ta ji ƙarar babur cikin fim, ko mai kai saƙo ne, ko ɗan makaranta, sai faifai, sai labarin akuya da ƙarfi kamar mai shela.

Ja'afar yac ce, "Inna, babur na hwa! Babur!"

"Na ji."

"To mi al laihin babur?"

"Ban son shi."

Dalili kuwa akwai. Watansu na farko a Wurno, 'yan rakiyar ango sunka wuce ƙofar gida bisa babura kamar ashirin. Mashkura na ɗakin Inna. Yarinyar ba ta yi kuka ba, sandarewa tay yi, ido a kafe, fitsari na bin ƙafarta, kwana biyu ba ta ce uffan ba. Babur guda bai dame ta ba, taronsu ne. Inna taw wanke ta, tas shanya tabarma, tac ce ma mutanen gida zazzaɓi ne. Tun daga nan ba ta jiran ta ji ko guda ne ko goma, tunda fim ba ya sallama kafin ya kawo su.

Kai mai sauraro za ka ce, to ta faɗa mana! Ni ma haka nac ce. Amma ta faɗa ta ce mi? Sai ta buɗe zancen ranar nan. Sai ta ambaci wancan. Sai a gane dare da rana shi ke cikin ranta, a ga tana lallaɓa 'yarshi fiye da sauran jikoki. Uwaliya ta gwammace a ce ta makance, a ce ta ruɗe, da a ce ta yi rashin kunyar ɗan fari. Taurin kai dai, Allah ya ba ta shi ya hana ta rage ma kowa.

Shi kuma Ja'afar, da ba ya tambaya sau biyu, yaƙ ƙulla nashi lissafin: tsohuwa tana barin abin rufewa, tana rufe abin bari, ke nan ido ya tafi. Wani abokin aikinshi yab ba shi labarin wani ɗan akwati da ake samu Sakkwato. Sati bai zagayo ba sai ga shi da shi, baƙi, bai fi sabulun wanka ba. Ana maƙala shi bayan talabijin, shi ke fara ganin hoto kafin mutane su gani, in ya hango abin da bai dace ba sai ya tsallake, in zagi ne ya haɗiye muryar. Ja'afar yat tara gida kaf yana nuna jerin abubuwan da ake zaɓa bisa allo, yana dannawa ɗaya bayan ɗaya: tsiraici, sumba, zagi, giya, jini. Yana yi yana murmushi, kai ka ce shi yaƙ ƙera.

"Shi ke nan Inna, kin huta."

Huta! Kalmar nan dai. Inna tad dubi wajen da take jin akwatin yake, tac ce, "Wanga abu, ɗan wa na? Wa yar rene shi? Ya san mi a kunya?"

"Inna, na'ura ta. Ba ta kuskure."

"Awo. Mu gani."

Abin haushin, anka gani. Akwatin nan ya iya aiki, tir! Saurayi ya matso, budurwa ta sunkuyar da kai, kafin Inna ta ɗaga faifai hoto ya yi tsalle, sai ga su kasuwa suna sayen kayan miya. Rawar ruwan sama kuwa ko ɗigo ba a gani ba. Kwana huɗu tana zaune da faifai a cinya ba ta ɗaga shi don komai ba sai babur guda biyu, su ma Ja'afar yac ce don girman Allah ta bari. Yara sunka daina cewa haba Inna, don babu abin cewa. Ba wanda ya sake tambayar gwaggo. Rana ta biyar Ruƙayyatu, cikin ladabinta mai ban takaici, tac ce ko Inna za ta ara mata faifan ta bakace shinkafa. Inna tac ce ta je ta bakace da akwatin mijinta.

Ranar Juma'a bayan la'asar anka sa sabon fim. Ruƙayyatu ta riga ta maida kujerar Inna can baya bakin ƙofa, wai ta fi samun iska. Mashkura, yanzu shekararta bakwai, tana gaba cikin yara bisa tabarma. Ja'afar ya miƙe ƙafa, rimot a hannu, hankali kwance.

Inna ce taf fara ji. Can ƙasa-ƙasa, bayan muryar masu magana, wani gurnani na tasowa, kuma ba na babur guda ba ne. A allo wasu mutane ne da fuska a naɗe sunka nufo wani ƙauye, sun fi ashirin. Babu tsiraici, babu zagi, babu giya, jini bai kai ga zuba ba. Akwati na can bayan talabijin da 'yar fitilarshi, bai ga laifin kowa ba.

Tsohuwa taz zabura. Tat taka ƙafar wani jika, tay yi ƙwallo da kwanon gyaɗa, gwiwarta tad daki kusurwar tebur, ba ta tsaya ba. Tal lalubi allo tam manna faifai a karkace, rabin baburan na leƙowa ta gefe, tana ihu iyakar ƙarfinta: "Sun tahi gaida gwaggonsu! Gwaggonsu za su gaidawa! Akuyar nan tawa, kun tuna, ta malam, ta rawani..."

Ja'afar ya buɗe baki zai ce haba Inna, sai yag ga yara suna ja da baya daga tabarma. Mashkura na zaune a sandare, ido a kafe, hannu a dunƙule, jiƙa na yaɗuwa ƙarƙashinta. Yak kashe talabijin. Tsohuwa kuwa har yanzu tana riƙe da faifai a fuskar baƙin allo don ba ta ga an kashe ba.

"Inna, an kashe," in ji Ruƙayyatu a hankali.

Inna tas sauke hannu, tad durƙusa da gwiwar nan mai ciwo, tal lalubo yarinyar taj jawo ta jikinta, da jiƙar da komai.

Ja'afar yac ce, "Tun yaushe take haka?"

"Tun da munka zo."

"Shekara uku, Inna? Shekara uku ina yi maki hwaɗan babur, ba ki hwaɗa mani ba? Don mi?"

"In ce maka mi? Kai ba ka da ido? Ni da ban gani na gani, kai da akwatinka kuna nan!" Taƙ ƙara ƙanƙame yarinyar. "Bisa idonta anka yi. Tana maƙale ga ƙahwar ubanta. Ɗiyar Mainasara ta, Ja'ahwaru. Mainasara nawa."

Shekara arba'in da ɗaya sunan nan bai fito bakinta ba. Ja'afar bai taɓa jin shi da muryarta ba tun da anka haife shi. Yas sunkuyar da kai, Ruƙayyatu taj ja gyale tar rufe fuska. Inna kuwa kukan da ba ta yi wurin makoki ba shi yaz zo mata nan tsakiyar falo, gaban suruka, gaban jikoki, kuma tana yi tana masifa: "To kun sa na hwaɗa. Kun ji daɗi? Ku tashi ku ba ni wuri, marasa kunya!"

Washegari anka ga Ja'afar tsaye gaban talabijin shina bin jerin nan daga sama har ƙasa, ya koma daga ƙasa har sama. Tsiraici, sumba, zagi, giya, jini. Babu babur. Akwatin dai bai cire shi ba, Inna ma da bakinta tac ce a bar shi ya ji da masu sumba, tunda su yanzu ba su da mutuncin sa kiɗa. Da la'asar tay yi, shi da kanshi yaj je bakin ƙofa yaɗ ɗauko kujerar 'yar tsugunno, yak kawo ta dab da talabijin ya ajiye. Inna tas shigo tana ɗingishi, faifai a hammata, Mashkura riƙe da bakin zanenta. Tat taɓa kujerar da ƙafa, taj ji inda take.

"Ba nan ba," tac ce. "Maido ta wanga gehe. Kunnen hagu ya hi ji."