Taku Goma a Kowace Rana

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga wannan wata, da hantsi, Baba Mai Walda ya rasu a bakin aikinsa. Ya ɗora ƙarfe a kan benci, ya ce wa mai ƙarfen ya ɗan jira zai sha ruwa, ya zauna bai sake tashi ba. Ya bar mata ɗaya, 'ya'ya biyar, jikoki, da karnuka huɗu waɗanda babu wanda ya saya da kuɗinsa a cikinsu.

Baba, ni ba marubuci ba ne. A aji huɗu na bar makaranta, kuma malamai ba su yi kewata ba. Direban a-kori-kura ne ni, wanda aka sani da surutu da ban dariya. Amma akwai maganar da ka rufa mini asiri a kanta shekara uku, yau zan tone ta da kaina.

Kowa ya san ka da tsintar karnukan da aka yar. Ba kowa ya san yadda kake yi ba. Ka taɓa gaya mini cewa karen da aka yar ba ya barin wurin da aka sauke shi, domin a ganinsa mantuwa aka yi, za a dawo. In ka ja shi da igiya, zai tsinke ya koma. Saboda haka sai ka kai masa kwanon abinci nan inda yake. Washegari ka matso da kwanon taku goma zuwa shagonka. Jibi wasu goma. Mutane suna dariya, wai tsoho ya zama ɗan aiken kare. Ni ma na yi dariyar, kuma tawa ta fi ta kowa ƙara.

In kare ya murmure, sai ka nema masa gida. Ba ka bayarwa sai ka je ka ga inuwa da wurin ruwa da idonka. Na san wani mai babban gida da ka koma ka kwance karenka daga ƙofarsa, don ka tarar da shi ɗaure cikin rana. Ya ce ko ka san da wa kake magana. Ka ce ka sani, shi ya sa ka zo da igiyarka.

To ga tawa. Muna da kare, Guntu. Autata ce ta raine shi tun yana ɗan kwikwiyo. Da ƙazuwa ta kama shi, gashi ya zube, wari ya ishi maƙwabta, sai na ga magani wahala ne. Na ɗora shi a bayan mota, na kai shi ƙarƙashin gadar da ke bayan kasuwar gwangwan, na jefa masa ƙashi, na taka mota. Na gan shi a madubi yana gudu. Na karkatar da madubin. A gida na ce wa Auta na kai shi gonar wani abokina, inda yake cin nama har ya fi ni ƙiba. Ta yi dariya. Na iya ƙarya mai sa dariya, ita ce sana'ata ta biyu.

Bayan wata biyar salansar motata ta fashe, na kawo maka. Sai ga Guntu ya fito daga ƙarƙashin benci, gashi ya dawo. Ya shinshina wandona. Bai yi haushi ba, bai kaɗa wutsiya ba, ya koma ya kwanta.

Ka ɗaga gilashin walda ka ce, "Ka san shi ne?"

Na ce, "Ya yi mini kama da wani."

Ka ce, "Shi ma haka ya ce."

Ka gama aikinka, sannan ka faɗi abu ɗaya: kwana goma sha ɗaya ya yi a ƙarƙashin gada yana kallon inda motar ta bi. Ba ka ƙara ba, ba ka kuma taɓa faɗa wa kowa ba. Da ka zage ni, Baba, da na samu sauƙi.

Yanzu ka tafi. Babban ɗanka ya raba uku daga cikin karnukan ga mutanen kirki. Guntu ya ƙi. Yana kwance a ƙofar shagon da aka rufe, yana kallon hanyar da aka fita da kai. Sau biyu ke nan ana barinsa, kuma bai san bambancin tafiyarka da tawa ba. Mai shagon ya ba wani haya daga ƙarshen wata, sabon kuwa ya ce in ya tarar da kare a ƙofarsa, ya san abin da zai sa masa a abinci.

Na zaunar da Auta na gaya mata gaskiya. Shekarunta goma sha huɗu yanzu. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Baba, ya bi motar?" Na ce ya bi. Tun ranar ba ta yi dariyar wata magana tawa ba.

Ni da ita mun ɗauko kwanonka, kullum muna matso da shi taku goma zuwa gidana. A ƙafa muke zuwa, don ko ƙarar motata ya ji sai jikinsa ya hau rawa. Rana ta uku na yi irin wayona, na ce wa zai ƙirga, na matsar da kwano taku arba'in. Kwana biyu bai ci ba. Ashe shi yana ƙirgawa. Muka koma goma.

Yau da safe kwanon ya kai gindin falwayar da ke kan kwana. Guntu ya zo ya ci. Kullum da ya gama sai ya juya ƙofarka. Yau ya tsaya, ya kalli ƙofar, ya kalli Auta, ya kwanta kusa da kwanon. Na buɗe baki zan saki wata maganar ban dariya. Ta riƙe hannuna ta ce, "Baba, don Allah ka yi shiru." Na yi. Guntu ya yi kamar minti biyar a kwance, sannan ya tashi ya koma.

Saura kwana takwas. Gidana yana da nisa, ban kuma san ko zai yarda ya sake shiga ƙofar da aka fitar da shi ta cikinta ba.

Allah Ya jiƙanka, Baba Mai Walda. Ya gafarta maka, Ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa wa wanda bai cancanta ba. Ya sa kowane taku da ka yi da kwano a hannu ka same shi a mizani. Ga Inna mai ɗakinka, da 'ya'yanka da jikokinka, ina miƙa ta'aziyyata, Allah Ya ba ku haƙurin rashi. Alfarma ɗaya nake nema: tsohuwar rigar aikinsa, mai hujojin tartsatsi, kada a yar. Zan shimfiɗa ta a inuwar tsakar gidana, kusa da ruwa.

Gobe da safe, in muna raye, wasu goma.