Kumburin Ƙarƙashin Kunnena da Kunyar Surukata

Salamu alaikum 'yan'uwa. Kun daɗe ba ku ji ni a nan ba. Wasu sun aiko suna tambaya ko garin namu Abu Hujar na bari. Ina nan. Jinya na yi, kunya kuma ta hana ni faɗa.

Wani ƙullutu ne ya fito mini ƙarƙashin kunnen hagu, kamar ƙwayar gyaɗa, ba ciwo. Da ya kai ƙwan kaza sai na riƙa sauko da rawanina ina rufe shi. A wurin shan jabana, wato gahawa, ma na koma zama ta gefen bango.

'Ya'yana maza duk suna arewa wurin haƙar zinariya, tsohuwata, uwar yaran, kuma ƙafa ta hana ta tafiya. Sai Amuna, matar ɗana Usman, ta raka ni asibiti a birnin Madani, ga ta da tsohon ciki. Kun san yadda muke. Tun da aka kawo ta gidana ban taɓa cin abinci a gabanta ba, ita ma ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni ba.

Likita ya latsa wurin, ya ce sai an yi aiki, amma sai an fara ɗaukar hoton da suke kira ranin. Da na ji kuɗinsa na ce, "Diktor, ga abu a fili, ka yanke mana!"

Ya ce, "Ya Hajj, jijiyar da ke motsa fuskarka ta nan ta ratsa. In na shiga ban san inda take ba na tsinka ta, bakinka ya karkace, idonka ya daina rufewa. Ka zaɓa."

Amuna tana kallon ƙasa ta ce, "Baba, a sayar da riɗin da aka noma bana."

Aka sayar.

Ranar hoton aka tuɓe mini rawani, aka ba ni wata 'yar riga mai buɗaɗɗen baya. Aka tura ni cikin na'ura mai rami kamar kabari, tana ƙara kamar injin niƙa. Na ji tsoro ƙwarai, salati kawai nake yi.

Hoton ya nuna ƙullutun a can ciki yake, ya turo jijiyar waje. Likita ya ce wuƙa jijiyar za ta fara tararwa kafin ciwon. Saboda haka ita ya fara nema, ya janye ta gefe a hankali, sannan ya cire abin.

Da na farfaɗo ya tsaya a kaina. "Ɗaga gira. Rufe ido. Kumbura kumatu. Washe haƙora."

Ni, da furfurata, a gaban surukata! Amuna ta juya ta fuskanci bango.

Likita ya ce mata, "La la, ya bitti," wato a'a 'yata, "juyo. Ke za ki riƙa duba shi kullum a gida. Leɓen ƙasa ya ɗan yi sanyi, in ya ƙaru ki kira ni."

Haka muka koma gida. Kowace safiya ta zo ta durƙusa, "Baba, lokaci ya yi." Ni in yi ta gwalo kamar biri, ita tana dubana gumi na zuba mata. In na sha ruwa ya zubo ta gefen baki, ta miƙo mini tsumma kamar ba ta gani ba. Wallahi yankan bai yi mini zafin wannan ba.

Tsohuwata kuwa daga ɗaki take cewa, "Malam, ashe kana da haƙora!"

Gwajin naman da aka cire ya dawo, ba mugun ciwo ba ne. Bayan 'yan makonni Amuna ta dube ni da kyau, ta ce, "Baba, gefe biyun fuskar sun daidaita." Dariya ta kuɓuce mata, ta rufe fuska ta fita da sauri.

Makon jiya ta sauka lafiya, mace. Ni na yi wa jaririyar kiran salla a kunne, kowane harafi ya fita daidai. Murna har ba na iya zama wuri ɗaya.

Na gode wa Allah, na gode wa likitan da ya ƙi bin maganata.

'Yan'uwa, in kun ji ƙullutu kusa da kunne ko muƙamuƙi, kada ku jira ya yi ciwo, kada ku bari a yi masa sakiya ko tsaga. Ku je asibiti. In an ce hoto kafin aiki, ku yi, ko da tsada. Ku tambayi likita inda jijiyar fuskarku take.

Amuna, har yau ba na iya faɗa miki wannan baki da baki, shi ya sa na rubuta a nan. Allah ya yi miki albarka, 'yata.