Akushin da Bai Samu Murfi Ba

'Yata ce ke rubutawa, ni ban yi karatu ba. Na ce mata ko na yi kuka kada ta tsaya.

Wankan jegonta ne ya kai ni Kuala Lumpur, shekarar da korona ta ɓulla. Malam, mai gidana, ya biyo ni don a duba masa gwiwa. Wata biyu muka yi niyya, sai aka rufe hanya. Masassaƙi ne, tun yana saurayi turmi da akushi yake yi, rediyonsa rataye a reshe. A Cheras kuwa, unguwar da 'yata take, sai zama. Ya rage cin abinci, ya daina tsokanata, wannan ne ya fi tayar mini da hankali.

Maƙwabcinmu wani dattijo ne ɗan ƙasar, kowa Pakcik yake ce masa. Yana da inji a gaban gida mai juya katako da gudu, mutum ya kanga ƙarfe yana feƙewa. Da aka sassauta dokar fita, Malam ya riƙa tsayawa bakin shinge da takunkuminsa yana kallo, har ran nan dattijon ya miƙa masa ƙarfen ya ce, "Boleh," wai "za ka iya" ke nan a yarensu. Ba mai jin yaren wani, amma cikin mako biyu Malam ya fara fitar da ƙananan kwanuka.

Ni na jawo abin da ya biyo baya. Na ga aikinsa ba kiɗa, na sa surukina ya zuba masa garaya a waya, ya ba shi abin nan da ake cusawa a kunne. Na manta da gizago ya saba, inda hannu ke sauka tare da kiɗa. Inji bai san garaya ba.

Wata hantsi ina shanya, na ji kukan katakon ya sauya, ashe tsaga ce a ciki. Pakcik daga ɗaki ya ji. Malam bai ji ba, kafaɗarsa sai rawar garaya take. Wani guntu ya ɓalle ya fasa masa goshi, dab da ido. Dattijon ya kashe injin, ya zare masa abin kunnen, ya taɓa nasa kunnen, ya nuna katako.

Na ɓoye wayar a tukunya.

"Hajiya, ina kiɗana?"

"Wanda ya so ƙwaƙule maka ido? Kai ido biyu gare ka, ni miji ɗaya."

"Tsohuwa, ke dai kin fi ɗan sanda."

Kwana uku ya yi aiki shiru, na huɗu bai fita ba. Ya koma zaman nan nasa, fuska ga bango. Na rasa wanda zan zaɓa, idonsa ko walwalarsa.

Sai na ɗauki kujera na zauna can nesa da injin, wayar a hannuna tana kiɗa a fili. 'Yata ta nuna mini inda ake dannawa. Ya ɗauki ƙarfe, in danna, shiru. Ya koma goge katako ko share ɓawo, in saki.

"Saki mana, Hajiya!"

"Ajiye ƙarfen tukuna."

Pakcik har zama yake yi don dariya. Da haka Malam ya fara babban akushi, ya ce nawa ne, ladan riƙon waya. Ya gama gindin, ya ce murfi sai jibi.

Washegari zazzaɓi ya kama shi. Aka tafi da shi asibiti, ba a bar ni na shiga ba, ban ƙara ganinsa ba. A can aka binne shi. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Pakcik ya zo da katako zai yi mini murfin, na girgiza kai. Da faifai nake rufe akushin.

Har yau in aka sa garaya ina iya saurare. Sai dai in na ji ƙarar inji, ko na niƙa ne, babban yatsana sai ya hau neman inda zai danna.